Yadda ake karanta labaran binciken kisa masu laushi da tsofaffin tatsuniyoyin Turawa har a ji daɗinsu

Tambaya: Wata malama ta ce ta saba da littattafan Hausa, yanzu tana so ta shiga karatun labaran binciken kisa na Ingilishi, irin waɗanda ba a zubar da jini a kan takarda, kuma tana so ta riƙa karanta wa yaranta tsofaffin tatsuniyoyin Turawa. Ta fara littafin bincike ta ajiye saboda sunaye sun ruɗa ta. Tatsuniyoyin da ta samu kuwa, wasu sun yi mata lami, wasu sun ba ta tsoro. Ta ina za ta fara?

Amsa: Malama, ba Ingilishinki ne ya gaza ba. Waɗannan nau'o'in labari guda biyu kowanne yana da ƙa'idar da aka gina shi a kai, kuma marubucin ya ɗauka cewa mai karatu ya san ta tun kafin ya buɗe littafin. Wanda ya shige su da idon da yake karanta littafin soyayya, yana jiran ya ji abin da ke zuciyar jaruma, zai ga kamar ba a ba shi komai ba. Labarin bincike wasan wasa ƙwaƙwalwa ne tsakaninki da marubuci, ana karanta shi da zargi, da biro a hannu. Tatsuniya kuma da baki ake yinta, da sauri, kuma ba a tsayawa a kan siga ɗaya.

Mu fara da na binciken, don can ne aikin ya fi yawa.

A kantunan littattafai za ki same su da sunan cozy mystery. Asalinsu Ingila ne a shekarun 1920 da 1930, lokacin da ake kira zamanin zinare na labaran bincike, kuma wadda ta fi kowa kafa tubalinsu ita ce Agatha Christie, wadda aka haifa a 1890 ta rasu a 1976, ta bar littattafan bincike 66. Tsohuwar da ta ƙirƙira, Miss Marple, ta fara fitowa a gajeren labari a 1927, littafinta na farko kuma ya fito a 1930. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauye tana saƙa, ba ta da bindiga ba ta da izinin kama kowa. Abin da take da shi kawai shi ne ta san halin mutane, domin ta shekara tana kallon maƙwabta. Daga gare ta aka ɗauki tsarin: wuri ƙarami ne kuma rufaffe, ƙauye ko gidan gado ko jirgin ƙasa, waɗanda ake zargi ba su cika wuce shida zuwa takwas ba, kuma duk sun san juna, mai binciken yawanci ba ɗan sanda ba ne, kisan ana yinsa ne a bayan fage, sai dai a tsinci gawa, babu batsa, babu ashar, a ƙarshe a tara mutane a falo a faɗi wanda ya yi da yadda ya yi. Wanda aka kashe ma galibi mutum ne da kowa ke da ƙullinsa a zuci, domin kada mai karatu ya tsaya makoki ya manta da lissafi.

A 1929 wani limamin Katolika mai suna Ronald Knox ya rubuta dokoki goma na wannan wasa. Rabi da raha ya yi su, amma su ne za su nuna miki abin da kike da haƙƙi a kai. Dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Ba a yarda da aljani ko sihiri a matsayin bayani ba. Ba a yarda da gubar da kimiyya ba ta sani ba. Ƙofar sirri ba ta wuce ɗaya. Ba a yarda mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar katari ko wani tunani da ya faɗo masa daga sama ba, kuma duk wata alama da ya gani sai an nuna wa mai karatu ita. Tagwaye ba sa ɓullowa a shafin ƙarshe sai an riga an share musu fage. Manyan marubuta sun karya wasu daga cikin dokokin da gangan, Christie na gaba-gaba, amma guda ɗaya ba a taɓa ta: duk abin da ake bukata don gano mai laifi yana cikin shafukan da kika riga kika karanta. Littafin da ya ɓoye miki hujja har zuwa babin ƙarshe ya yi miki ha'inci, kuma kina da damar ki daina sayen na marubucinsa.

Matsalar sunaye da kika ambata tana da magani mai sauƙi. Ki samu takarda ɗaya ki ninke ta a cikin littafin, ki ja mata layi huɗu: sunan mutum, dangantakarsa da mamaci, abin da zai samu idan mamacin ya mutu, da inda ya ce yana nan lokacin da abin ya faru. Shafi arba'in zuwa sittin na farko kusan duk gabatar da mutane ne, kuma a nan yawancin masu karatu ke sarewa. Ki daure ki cika layi biyun farko a wannan tsakanin. Abin da ke ƙara ruɗa mutum shi ne Turawan wancan zamani suna kiran mutum ɗaya da suna uku ko huɗu: 'yan sanda su kira shi da sunan dangi, matarsa ta kira shi da sunan yanka, abokansa da laƙabi, barorinsa da muƙami. Matar aure tana ɗaukar sunan dangin mijinta, saboda haka uwar miji da surukarta za su iya amsa suna ɗaya. Wasu daga manyan barorin gida kuma da sunan dangi zalla ake kiransu, ba tare da wani girmamawa a gaba ba. Duk sunayen mutum ɗaya ki jera su a layi ɗaya.

Sai lokaci. Littafin irin wannan shafi 200 ne zuwa 300. Ki yi ƙoƙari ki gama shi cikin kwana huɗu zuwa mako guda. Idan kika ja shi mako uku, alamar da aka ajiye miki a shafi na 30 ta riga ta fice daga kanki kafin a zo amfani da ita, sai bayanin ƙarshe ya zama kamar an ƙago shi ne nan take. Idan saura shafi talatin ko arba'in, daidai inda mai bincike ya ce a tara masa kowa, ki rufe littafin, ki rubuta sunan wanda kike zargi da hujja biyu. Ba sai kin dace ba. Wanda bai rubuta komai ba yakan gama ya ce ai dama shi ya zata, alhali kowa ya zata a wani lokaci.

Hanyoyin ɓad da sawu da marubuta ke bi ba su da yawa, kuma da zarar kin san su karatun ya canza ɗanɗano. Ta farko ita ce jerin kaya. Za a ce an zazzage jakar marigayiya an samu hankici, da makullai, da tikitin jirgin ƙasa, da kwalbar magani, da wasiƙa. Idonki zai tafi kan wasiƙar da maganin, alhali tikitin ne ke ɗauke da ranar da ta saɓa wa abin da wani ya faɗa. Duk inda kika ga jeri, ki karanta shi sau biyu. Ta biyu, a faɗi muhimmin abu sannan nan take a yi hayaniya: wani ya suma, waya ta yi ƙara, a tsinci gawa ta biyu. Ki koma ki karanta jimlar da ta gabaci hayaniyar. Ta uku, a sa gaskiya a bakin wanda ba a ɗauke shi bakin komai ba, yaro ko baranya ko tsohuwa mai surutu, a tsakiyar shirme mai tsawo. Masu tsallake hira don su isa ga “abin da ya faru” a nan suke asara, domin a wannan nau'i hirar ita ce abin da ya faru.

Ta huɗu ta shafi lokacin mutuwa. Agogon da ya fashe ya tsaya a ƙarfe tara da kwata, ko muryar mamaci da aka ji ta bayan ƙofa, ko wanda aka hango daga nesa sanye da rigarsa, duk ba hujja ba ne. Ki tambayi kanki wa ya ga fuskarsa, kuma wa ke cin moriyar a yarda cewa yana da rai a wannan lokaci. Wanda hujjar inda yake ta fi ta kowa ƙarfi ya cancanci a ƙara dubansa, saboda mutumin da bai san za a yi kisa ba ba ya tanadin shaida. Ta biyar ta shafi ko wane ne wane: ɗan'uwan da ya dawo daga Ostireliya ko Kanada bayan shekara ashirin, babu mai iya tuna kamanninsa sosai. Sai ta shida, wadda ta fi wuyar kamawa, wato abin da ya kamata a gani amma babu shi: ƙurar da babu a kan wani abu da aka ce an daɗe ba a taɓa ba, ko jiƙar da babu a takalmin wanda ya ce daga cikin ruwan sama ya shigo. Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba: kusan kowa a littafin yana ƙarya, amma yawancinsu wani abin kunyar daban suke ɓoyewa, bashi ko soyayyar sirri ko 'yar sata. Kama mutum da ƙarya bai sa ya zama mai kisa ba.

Akwai abubuwan rayuwar Ingila na wancan zamani da marubutan ba sa bayani a kai domin masu karatunsu sun sani, kuma babban cikinsu shi ne gado. A Musulunci rabon kowane magaji a ƙayyade yake, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. A dokar Ingila ta lokacin kuwa, mutum yana iya rubuta wasiyya ya ba wanda ya ga dama dukiyarsa gaba ɗaya ya hana 'ya'yansa. Shi ya sa idan tsohon attajiri ya ce a gaban iyalinsa gobe zai kira lauya, to ki sa ido, ƙila ba zai wayi gari ba. Wasiyya sai da shaidu biyu, kuma wanda ya sa hannu a matsayin shaida ba ya cin abin da aka rubuta masa a ciki, don haka ake kiran mai lambu da baranya su sa hannu. Sabon aure yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa. Wanda ya kashe mutum ba ya gadonsa, nan sun yi daidai da mu. Hukuncin kisan kai kuma rataya ne har zuwa 1965, shi ya sa za ki ga mutane suna ƙarya don kare wanda suke so ko da ba su tabbata shi ya yi ba.

Kuɗin da ake ambata ba baƙo ba ne ga iyayenmu, domin irin lissafinsa aka yi amfani da shi a Najeriya har 1973: kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, ga sisi ga taro. Ingila ta bar wannan lissafi a 1971. Fam dubu a 1930 dukiya ce ta gaske, kada ki auna ta da ta yau. Shayin la'asar ana shansa ne tsakanin ƙarfe huɗu da biyar, abincin dare wajen takwas, kuma da waɗannan lokuta ake auna inda kowa yake. Zaman da ake yi bayan an tsinci gawa, mai kama da kotu, ba shari'ar wanda ake zargi ba ce, zama ne na tantance musabbabin mutuwa. Yawan guba a littattafan Christie kuma yana da dalili: ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a garin Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a zamanin ana samun guba a kayan gida na yau da kullum, kamar maganin ciyawar lambu. Sai abu ɗaya maras daɗi: tsofaffin littattafan suna ɗauke da raini ga baƙi, da Yahudawa, da baƙar fata, a bakin wasu 'yan wasa, wani lokaci ma a alƙalamin marubucin kansa. Za ki ci karo da shi.

Game da Ingilishi, ki gwada littafi kafin ki saya. Ki buɗe shafi ɗaya a tsakiya, wanda yawanci kalma 300 ne ko kusa, ki ƙirga kalmomin da ba ki sani ba. Shida ko ƙasa da haka, za ki karanta cikin jin daɗi. Idan sun haura goma sha biyar, ki nemi sauƙaƙƙen bugu. Jerin Oxford Bookworms yana da matakai, na uku an rubuta shi da kalmomi daban-daban 1,000, na huɗu 1,400, na shida 2,500, kuma akwai labaran bincike a ciki. Kada ki buɗe ƙamus a kan kowace kalma, sai wadda ta maimaitu sau uku ko wadda take cikin bayanin gawa da ɗakin da aka same ta. Kada ki karanta gabatarwar da wani masani ya rubuta a farkon littafi, da yawansu suna tona asirin ƙarshe. Haka fim, ki bar shi sai bayan littafi.

Shawarata ki fara da gajerun labaran Miss Marple, kowanne zama ɗaya ne, mutane huɗu ko biyar, za ki koyi wasan ba tare da wahalar sunaye ba. Idan kina son abin da ya fi kusa da gida, akwai jerin Alexander McCall Smith da ya fara a 1998, game da Mma Ramotswe, matar da ta sayar da shanun da ta gada daga mahaifinta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta ƙasar Botswana. Ingilishinsa mai sauƙi ne, kuma yawancin ƙararrakin ba kisa ba ne, mijin da ya ɓace ne ko mai damfara. Sababbin jerin da ake bugawa a Amurka, masu mai gidan burodi ko mai kantin zare da kyanwarta, har da girke-girke a bayan littafi, suna da daɗin hira amma lissafinsu sau da yawa ba shi da ƙarfi. Mai karatu mai lura yakan kama mai laifi tun tsakiya. Su ana bin su ne a jere, domin rayuwar jarumar tana ci gaba daga littafi zuwa littafi. Na Christie kuwa ki ɗauki wanda ya zo hannu, in ban da littafin ƙarshe na ɗaya mai bincikenta, Poirot, wanda ya fito a 1975, shi a bar shi sai ƙarshe.

To, tatsuniyoyi. Dalilin da ya sa wasu suka yi miki lami wasu suka ba ki tsoro shi ne suna ɗaya suke amsawa amma ba daga hannu ɗaya suka fito ba. Charles Perrault ya buga nasa guda takwas a Faransa a 1697, ga manyan mutane masu zuwa fadar sarki, da ba'a a ciki da darasi cikin waƙa a ƙarshen kowacce. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da juzu'in farko a 1812 da tatsuniyoyi 86, ba don yara ba, don masana harshe da al'ada. Ana yawan zaton ƙauyuka suka bi suna tattarawa, alhali da yawa daga bakin mata masu ilimi na garin Kassel suka ji su, wasunsu ma jikokin Faransawa ne. Wilhelm ya yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857, mai tatsuniyoyi 200 da ƙissoshin addini goma. Ya cire abin da ya shafi ciki da kwanciya, ya ƙara kalaman Kiristanci, ya mayar da muguwar uwa ta zama matar uba a labarin Snow White da na Hansel da Gretel, amma azabar da ake yi wa mugu bai rage ta ba, wani wurin ma ƙarawa ya yi. Hans Christian Andersen na Denmak, wanda ya fara bugawa a 1835, shi kuma yawancin nasa ƙirƙira ya yi da kansa, kuma yana son ƙarshe mai sa kuka: yarinyarsa mai tallan ashana sanyi ne ya kashe ta a bakin titi daren sabuwar shekara.

Ki ɗauki Cinderella ki gani, yarinyar da matar uba ke bautarwa, wadda ɗan sarki ya gano ta da takalmin da ta yar a wurin biki. A wurin Perrault ne ake da takalmin gilashi da aljanar da ta mayar da kabewa keken doki, kuma a ƙarshe ta yafe wa 'yan'uwanta har ta aurar da su ga manyan fada. A wurin Grimm babu aljanar da ta zo da sanda. Yarinyar ta dasa reshe a kan kabarin uwarta, ta shayar da shi da hawaye, tsuntsun da ke sauka a bishiyar shi ke jefo mata tufafi. Takalmin na zinare ne, ɗaya 'yar'uwar ta yanke babban yatsanta ɗayar ta yanke dunduniya don ya shiga, ranar biki kuma tattabaru suka tsone musu idanu. Wadda yawancin mutane suka sani ta fim ɗin Disney ce ta 1950, wadda ta bi Perrault. Akwai ma siga da aka rubuta a Sin tun ƙarni na tara, inda ƙasusuwan kifi ke taimakon yarinyar. Haka tatsuniyar yarinya mai jar hula: Perrault ya bar kyarkeci ya cinye ta labari ya ƙare, Grimm suka kawo maharbi ya farka cikinsa.

Saboda haka hanyar jin daɗinsu ga babba ita ce karanta siga biyu ko uku na tatsuniya ɗaya a zama ɗaya, ana duba abin da kowa ya cire da abin da ya ƙara. Masana sun sauƙaƙa wannan. Antti Aarne na Finlan ya fara jera tatsuniyoyi bisa ƙashin bayansu a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004, kowane iri da lambarsa. Cinderella ita ce 510A, mai jar hula 333. Lamba 480 kuwa kin san ta tun kina yarinya: yarinyar kirki ta tafi wata duniya, ta yi ladabi ga duk abin mamakin da ta tarar, ta dawo da arziki, ɗayar ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da masifa. 'Yar bora da 'yar mowa ke nan a hanyar ruwan Bagaja. A ta Grimm, 'yar kirkin ta faɗa rijiya, burodi ya roƙe ta ta fitar da shi daga tanda, bishiya ta roƙe ta ta girgiza ta, aka yi mata ruwan zinare, malalaciyar kuma aka kwara mata kwalta. Bambancin da ke ƙasa shi ne tsarin gida. A tamu kishiyoyi biyu ne duk suna raye. A tasu mace ɗaya ake aura, don haka sai uwa ta mutu kafin matar uba ta shigo, kuma mutuwar haihuwa ta yi yawa a Turai ta wancan lokaci. Abubakar Imam ya gane wannan dangantaka tun a shekarun 1930, ya ɗebo daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, har mutane da yawa ba su san daga waje wasu labaran suka zo ba.

Kada ki nemi dalili ko zurfin hali a tatsuniya. Ba a faɗin abin da ke zuciyar kowa, ba wanda ke mamaki idan kwaɗo ya yi magana, yarinya ta yanke yatsa ba a ambaci zafi ba. Ba sakaci ba ne, haka ginin yake, kamar yadda ba mai tambayar me ya sa Gizo bai taɓa shiryuwa ba. Abu yana faruwa sau uku, na ukun ne ke fashewa, kuma auta ne ke cin nasara. Littattafan yara masu hotuna da kika ce sun yi lami, galibi abin da suka yi shi ne sun cire maimaicin don tsimin shafi, sun cire haɗarin, sun liƙa wa'azi a ƙarshe. Idan babu haɗari, kuɓutar ba ta da daɗi.

Wajen karanta wa yara, ki fara karantawa ke kaɗai, ko da tatsuniyar da kike ganin kin sani ce. Yawancin na Grimm shafi biyu ne zuwa shida, minti biyar zuwa sha biyar da baki. Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai, ya fi kyau ki rufe littafin ki ba su da Hausa, ki buɗe da “ga ta nan ga ta nanku” su amsa “ta zo mu ji ta”, ki rufe da ƙurunƙus. Wannan buɗewa da rufewa suna yin aiki na gaske, suna shaida wa yaro cewa an shiga ƙarya an fito, kuma su ne amsar damuwar da wasu iyaye ke yi game da mayu da sihirin da ke ciki. 'Yan waƙoƙin da ake maimaitawa, kamar tambayar da sarauniya ke yi wa madubi a labarin Snow White, ki ba su kalmomi tsayayyu kada ki canza, domin yara za su haddace su kuma za su gyara miki idan kin kauce. Giya da naman alade da bikin baftisma suna fitowa nan da can. Da baki kina iya musanya su ba tare da labarin ya karye ba. Abin da bai kamata ki cire ba shi ne hukuncin mugu. Yaro ya fi samun barci idan an tabbatar masa kyarkecin ya mutu da a ce ya gudu daji.

Na Andersen masu baƙin ƙarshe ki jinkirta su zuwa shekara tara ko goma. A cikakken Grimm akwai waɗanda ba na yara ba ne ko kaɗan, kamar wadda matar uba ta yanka yaro ta dafa wa ubansa, da wasu ƙalilan masu cin zarafin Yahudawa. Kuma idan gidanku akwai abokiyar zama, ko yaran suna hannun matar uba, ki yi tunani kafin ki jero musu tatsuniyoyin muguwar matar uba dare bayan dare, domin yaro yana ɗora abin da ya ji a kan wanda yake gani a tsakar gida. Ki gauraya da na dabbobi da na wawan auta da ya yi sa'a, suna da yawa. Idan kin gama, kada ki tambaye su darasin da suka koya. Ki tambaye su wace tatsuniyar Hausa ta yi kama da wannan, ko me za su yi da su ne a bakin rijiyar.

Wajen samun littattafan, cikakkiyar fassarar Grimm zuwa Ingilishi da Margaret Hunt ta yi a 1884 tana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, tare da Perrault da Andersen da littattafan Christie na farko-farkon shekarun 1920, kuma ana iya sauke su a waya a karanta ba tare da data ba. Shafin LibriVox yana da da yawansu da murya, shi ma kyauta, sai dai masu karantawar 'yan sa-kai ne, wani muryarsa ta fita sarai wani kuwa sai kin kasa kunne, don haka ki saurari minti biyu kafin ki sauke duka. Ingilishin Hunt na da ne, yana da tsofaffin kalmomi a cikin hira. Idan na takarda kike so daga masu sayar da tsofaffin littattafai, ki duba bango ko shafin farko: in an rubuta sunan mai fassara, cikakken labari ne, in an rubuta cewa wani ne ya sake ba da labarin, to taƙaitacce ne. Littafin bincike na hannu kuma ki duba shafukan ƙarshe ko suna nan, ba tare da kin karanta su ba, domin su ne suka fi saurin ɓallewa daga tsohon bugu mai bangon takarda.